Edita ya dawo min da maƙala saboda tsarin manazarta kawai. Wai waƙafi ne ilimin?

Bazazzagiya_92:
Assalamu alaikum 'yan uwa. Shawara nake nema, amma ku bar ni in ɗan huce tukuna. Wata bakwai na yi ina tace maƙala daga kundin digirina na biyu, a kan zazzaɓin cizon sauro a wurin masu juna biyu. Na tura wa wata mujalla ranar Litinin, ranar Alhamis sai ga saƙo. Ko wurin masu tantancewa ba ta kai ba. Layi biyu kacal: manazartata ba su bi tsarin mujallar ba, in gyara in sake turowa. Ni salon APA na bi, mai sa suna da shekara, don shi aka ɗora mana a kundi. Su kuma wai Vancouver suke so, mai lambobi. Manazarta 64 ne fa. Tambayata biyu. Akwai hanyar juya su ba tare da na zauna ina bin su ɗaya bayan ɗaya ba? Ta biyu kuma, fisabilillahi, me ya haɗa waƙafi da aya da ingancin bincike? Ni dai a ganina wahalar da mutane ce kawai.

Dan_Laburare:
Wa alaikumus salam. Malama ki gode wa Allah, "gyara ki dawo" aka ce miki, ba "mun gode, nemi wani wuri" ba. Kafin in ce komai, da hannu kika buga manazartan ko da manhaja?

Bazazzagiya_92:
Da hannu. Wasu kuma na kwafo daga Google Scholar na manna.

Dan_Laburare:
To nan gizo ke saƙa. Amma da sauƙi. Ki sauke Zotero, manhajar tsara manazarta, kyauta ce, tun 2006 take, a Jami'ar George Mason ta Amurka aka fara ta. A samanta akwai wata alama kamar sandar tsafi. In kika danna ta kika zuba lambar DOI (lambar shaidar maƙala a intanet) ko ta rumbun PubMed ko ISBN ta littafi, ita da kanta za ta kwaso sunayen marubuta da shekara da mujalla da shafuka. Sai ki koma cikin Word, duk inda kika ambaci wani ki goge wanda kika buga da hannu ki saka ta hanyar Zotero. Wannan aikin yini ɗaya ne ko biyu, kuma sau ɗaya za ki yi shi a rayuwar maƙalar. Bayan nan in wata mujalla ta ce APA, wata ta ce Vancouver, danna biyu ne komai ya juya. Salon da ke rumbunsu ya haura dubu goma, yawancin manyan mujallu da sunansu za ki same su.

Waɗanda ba ki da DOI ɗinsu, Crossref, masu rajistar lambobin DOI, suna da wani shafi da ake zuba jerin manazarta gaba ɗaya, ya nemo wa kowanne lambarsa in yana da ita.

Dr_Sauro:
Ƙanwata, bari in nuna miki bambancin da ido, don gani ya kori ji. Ga takardar Lowry ta 1951 a kan auna furotin, wadda duk wanda ya taɓa shiga ɗakin gwaji ya san ta. A APA haka take:

Lowry, O. H., Rosebrough, N. J., Farr, A. L., & Randall, R. J. (1951). Protein measurement with the Folin phenol reagent. *Journal of Biological Chemistry, 193*(1), 265–275.

A Vancouver kuma:

Lowry OH, Rosebrough NJ, Farr AL, Randall RJ. Protein measurement with the Folin phenol reagent. J Biol Chem. 1951;193(1):265-75.

Ki lura. An kwashe ayoyin da ke bayan baƙaƙen sunaye, shekara ta bar gaba ta koma bayan sunan mujalla, sunan mujallar an gajarta shi, babu rubutun tsutsa, shafi na ƙarshe ma an datse shi. Gajartawar nan ba da ka ake yi ba, akwai kundin laburaren likitanci na Amurka, NLM, a nan ake duba yadda ake gajarta sunan kowace mujalla.

Amma duk wannan ba shi ne tarkon ba. Tarkon shi ne lambobi. A APA jerin yana bin abacada. A Vancouver yana bin yadda suka fara bayyana a cikin rubutu, wanda kika fara ambata shi ne 1, in ya sake dawowa a shafi na tara ma 1 ɗin ne dai. Ranar da mai tantancewa ya ce ki ɗauke sakin layi na uku ki mayar da shi farko, ko ki ƙara madogara ɗaya a gabatarwa, duk lambobin da ke ƙasa sun motsa. Ni na taɓa yin wannan da hannu a 2014, manazarta 50 da 'yan kai. Garin gyaran gira na rasa ido. Lambobina suka zame da ɗaya tun daga na 23, har aka aiko min da shafukan duban ƙarshe ban gani ba. Wata ɗalibata ce ta tambaye ni me ya sa na jingina maganar gidan sauro ga takardar da ke magana a kan ciwon sikila.

Injiniya_BK:
Ni fa ina bayan mai tambaya ɗari bisa ɗari. Mu a injiniyanci salon IEEE muke bi, lamba cikin baka mai kusurwa, [1], [2]. Likitoci na da nasu, masu ilimin halayyar ɗan Adam na da nasu, kowace mujalla kuma sai ta ƙara gishirinta. Bayanin da ke ciki ɗaya ne: wa ya rubuta, yaushe, me ya rubuta, a ina. Sauran duk ado ne. Awannin da masu bincike ke ƙonawa a kan wannan adon da an zuba su a ɗakin gwaji da an ga aiki.

Ummu_Hanan:
@Injiniya_BK ai wasu mawallafan ma sun yarda da maganarka. Elsevier na da tsarin da suke kira Your Paper Your Way a mujallunsu da yawa, ka turo da kowane salo muddin bai ɗaya ne daga farko har ƙarshe, sai an karɓi maƙalar sannan a yi maganar ado. Wasu mawallafan ma sun bi sahu. Saboda haka kafin mutum ya wahalar da kansa ya fara karanta shafin ƙa'idojin marubuta na mujallar.

Injiniya_BK:
Yawwa. Kenan su ma sun san ɓata lokaci ne.

Hajiya_Edita:
Bari in yi magana daga ɗaya gefen teburin, tunda na yi shekara shida ina riƙe da wata ƙaramar mujalla ta tsangayarmu. Injiniya, manyan kamfanonin da ake misali da su suna da ma'aikatan da aikinsu kenan, su karɓi jerin manazarta su daidaita shi. Mu ba mu da kowa. Ni ce edita, ni ce sakatariya, ni ce mai duba rubutu, bayan ga aji ga jarrabawa ga gida. In marubuci bai gyara ba, ni zan zauna bayan sallar isha'i in gyara masa. Maƙala 12 a fitowa ɗaya, kowace da manazarta 40, ku yi lissafi.

Sannan gaskiyar da editoci ba su cika faɗa ba: jerin manazarta shi nake fara buɗewa, tun kafin in karanta tsakure. Minti biyu ya ishe ni in san irin marubucin da ke gabana. In na ga guda goma na farko a salo ɗaya, na sha ɗaya ya zo da wani salon har da wani nau'in rubutun kwamfuta daban, na san kwafe aka yi aka manna. In na ga an ambaci mutum a cikin rubutu babu shi a jeri, ko yana jeri babu shi a rubutu, sai in fara tambayar kaina ko haka aka yi wa alƙaluman da ke cikin jadawali. Wani lokacin zalunci ne wannan zato, na sani. Amma takardu sun yi yawa, lokaci ya yi kaɗan.

@Bazazzagiya_92 'yata, naki mai sauƙi ne, tunda salo guda kika bi har ƙarshe. Ba raina aikinki suka yi ba. Wataƙila ma ba editan ne ya gani ba, wani ma'aikaci ne mai takardar abubuwan dubawa a gabansa. In ka je gari ka tarar kowa da jela, kai ma nemi igiya ka ɗaura.

Bazazzagiya_92:
Na gode Hajiya, Allah ya ƙara girma. Zuciyata ta ɗan yi sanyi. Amma har yanzu ina ganin da sun karanta binciken tukuna.

Sadauki_Jr:
Ni shawarata kowa ya riƙe Harvard kawai, tunda shi ne na jami'ar da ta fi kowace. In duniya ta haɗu a kansa an huta.

Dan_Laburare:
@Sadauki_Jr gyara kaɗan. Babu wani littafi guda da Jami'ar Harvard ta fitar ta ce ga salon Harvard. Suna ne da ya bi tsarin "suna da shekara cikin baka", ana danganta farkonsa ga wani masanin dabbobi na jami'ar, Edward Laurens Mark, a wata takarda da ya buga a 1881. Shi ya sa in ka tara jami'o'i biyar da ke cewa Harvard suke bi, za ka ga Harvard biyar. APA kuwa ƙungiya ce ke da shi, da littafinsa, bugu na 7 ya fito a 2019. Vancouver kuma daga taron wasu editocin mujallun likitanci ne a birnin Vancouver na Kanada a 1978, su ne suka zama kwamitin ICMJE.

Sadauki_Jr:
Ikon Allah. Shekara huɗu ina ce wa ɗalibai su nemo littafin.

Ummu_Hanan:
Tunda an zo nan, a APA marubuta nawa ake jerawa kafin a yanke? Ni bakwai na sani.

Dr_Sauro:
Wancan bugu na 6 ne, Malama. A na 7 ana jera har 20 a cikin manazarta. A cikin rubutu kuma daga marubuta uku zuwa sama, sunan na farko kawai da "et al." tun daga ambaton farko. Garin da aka buga littafi ma an daina sa shi. Ku riƙa tambayar sashenku wane bugu suke nufi, don wasu takardun jagora na makarantu har yau na 6 ne a ciki ko da an rubuta 7 a bango.

Vancouver ɗin ma ba kansa ɗaya ba. Da yawa suna jera shida na farko sannan "et al.", New England Journal of Medicine kuma in marubuta sun kai bakwai uku kawai take ɗauka. Nature in sun wuce biyar na farko kaɗai take sawa. Wata na son lambar cikin baka, wata na son ta ɗare saman layi. @Bazazzagiya_92 ki sauke maƙala biyu daga fitowar mujallar ta baya-bayan nan ki ajiye a gefe, su ne alƙalinki.

Kuma don Allah aya bayan "al" take, ba bayan "et" ba. Latin ne, "et" cikakkiyar kalma ce mai nufin "da", ɗayar ce aka gajarta. Daidai yake da "da wasu" da masu rubutu da Hausa ke sawa.

Almajirin_Malam:
Ni ba ɗan kimiyya ba ne, hadisi na karanta, matata ce ke cikin wannan fage shi ya sa nake leƙowa. Amma ina karanta muhawarar nan ina murmushi, don mu wannan rigimar mun gama ta fiye da shekara dubu. Abin da kuke kira manazarta mu isnadi muke ce masa. A gabatarwar Sahihu Muslim an kawo maganar Abdullahi ɗan Mubarak cewa isnadi yana cikin addini, ba don isnadi ba da kowa ya faɗi abin da ya ga dama. Malaman ma sun yi gardama a kan lafazi kamar yadda kuke yi a kan waƙafi, "haddasana" daban, "akhbarana" daban, "an" daban, don kowanne na nuna yadda maganar ta iso ga mai ruwaya.

Abin da nake so in tambaye ku shi ne tadlisi. Mutum ya ruwaito daga wani da lafazin da zai sa a zaci daga bakinsa ya ji, alhali ta hannun wani ya samu, ya ɓoye na tsakiyar. Ku a wurinku babu irin wannan? Mutum ya ga an ambaci takarda a cikin wata takarda, ya ɗauko ta ya sa a jerinsa kamar ya karanta?

Hajiya_Edita:
Allah ya gafarta Malam, ka taɓo inda ke ciwo. Akwai, kuma ya fi kuskuren waƙafi yawa nesa ba kusa ba.

Dan_Laburare:
Akwai har da hujja. Wasu masu bincike biyu a Jami'ar California da ke Los Angeles, Simkin da Roychowdhury, sun bi sawun kurakuran bugu a cikin manazarta, wato a ce wani ya yi kuskuren lambar shafi, sai a ga kuskuren nan sak yana ta maimaituwa a takardun wasu. Daga nan suka ƙiyasta cewa wajen kashi 20 cikin 100 ne kawai na masu ambaton takarda suka karanta ta. A 2003 aka buga. Ana iya jayayya da lissafinsu, amma dabarar ta burge ni, irin ta malamin makaranta ce da ke kama masu satar amsa ta hanyar kuskure iri ɗaya.

Wanda ya fi ban dariya shi ne na takardar fatalwa. A cikin jagorar marubuta ta Elsevier akwai wani misali da aka ƙirƙira don kawai a nuna yadda ake tsara madogara, da sunan Van der Geer da wasu mutum biyu, wai takarda a kan fasahar rubuta maƙalar kimiyya. Babu wannan takarda a duniya. Amma Farfesa Anne-Wil Harzing ta rubuta a 2017 cewa an same ta an ambata kusan sau 400 a rumbun Web of Science. Yawanci mutane ne suka ɗauki samfurin takardar taro suka cika nasu, suka bar misalin a jeri.

Injiniya_BK:
To ai wannan ma hujjata ce. Tsarin takardar fatalwar nan daidai yake ɗari bisa ɗari, kowane waƙafi na wurinsa. Me ya hana? Editan da ke korar mutane a kan aya ya bar fatalwa ta wuce.

Hajiya_Edita:
Wannan kam ka ci ni, Injiniya. Sai dai ban ce tsari na maganin ƙarya ba. Cewa na yi rashinsa na tona asirin gaggawa.

Likitan_Kauye:
Fatalwa ai ba ta kashe kowa ba. Ku ji wadda ta yi ɓarna. A 1980 wasu mutum biyu a Boston, Porter da Jick, suka aika wa New England Journal of Medicine wasiƙa mai jimla biyar. Suka ce a cikin marasa lafiya 11,882 da aka ba magungunan kashe zafi dangin ofiyom a asibiti, huɗu kawai aka ga sun kamu da jarabar maganin. Mutanen da ke kwance a gadon asibiti fa, ƙarƙashin idon ma'aikata. Sai aka yi ta ambaton wasiƙar nan a matsayin hujjar cewa ba a cika kamuwa da jarabar irin waɗannan magunguna ba, har ga wanda zai tafi da su gida ya yi watanni yana sha. A 2017 wasu suka ƙirga, an ambace ta sau 608, mafi yawa ta wannan karkatacciyar fuska. Yanzu mujallar ta liƙa gargaɗi a saman wasiƙar. Mu da muke ganin abin da tiramadol da kodin suka yi wa matasanmu, ba sai an yi mana dogon bayani ba.

Ni ƙa'idata ga duk wanda nake duba aikinsa: abin da ba ka buɗe da idonka ba, kada ka sa shi. In dole ne, asalin ya gagara samuwa, to ka faɗi gaskiya, wane ya ce kamar yadda wane ya kawo. APA ta yarda da haka, wanda ka karanta ɗin shi ke shiga jeri.

Almajirin_Malam:
Wato ka bayyana na tsakiyar. To mun daidaita.

Gimbiya_Stat:
Sabon salo kuma yanzu shi ne na manhajojin nan masu amsa tambaya. Wani ɗalibina ya kawo min babi na biyu da manazarta 30 tsaf-tsaf, har da DOI. Na yi murna. Da na zauna na fara dannawa, guda tara ba su kai ni ko'ina ba. Sunayen marubutan na gaske ne, mujallun na gaske, amma takardun babu su. Da na tsare shi ya ce shi ma bai san injin na ƙirƙira ba. Tun daga ranar duk DOI sai na liƙa shi a bayan doi.org na ga inda zai sauke ni. Kowane DOI da 10 da aya yake farawa, amma farawa da 10 ba ya nufin yana da rai.

Dan_Maradi:
Gaisuwa daga Nijar. Mu nan wahalarmu biyu ce. A Faransanci ana barin fili kafin ruwa biyu da waƙafi mai ruwa, kuma in kwamfutarka a Faransanci take, da kanta take saka filin nan. Sai ka tura wa mujallar Ingilishi "1951 ;193" da fili a tsakiya, su ce kuskure ne. Sai ka canza harshen takardar kafin ka fara. Ta biyu, sunaye. Mu a takardun makaranta sunan mutum da na mahaifinsa ne a jere, wani lokacin har da na kaka, kuma ba kullum aka san wanne ne zai zama na dangi ba. Ina da aboki da ke da maƙala huɗu, a biyu an ɗauki sunan mahaifinsa, a biyu an ɗauki nasa. A rumbunan bincike mutum biyu ne.

Ummu_Hanan:
@Dan_Maradi wallahi har mu. Tsarin nan an gina shi ne a kan mutanen da ke da sunan dangi guda da ake gada. Mu kuwa wani sunan mahaifi ne a ƙarshe, wani sunan gari. Dubi Aminu Kano ko Shehu Shagari, in ka bi ƙa'ida sai ka rubuta "Kano, A." kamar garin ne ya yi rubutun. Shehu Usmanu ɗan Fodiyo kuma wani ya jera shi a D, wani a F, wani a U. Ga Muhammad da Mohammed da Muhammed, mutum ɗaya takardu uku. Mu mata kuma ga batun aure, wata ta fara bugawa da sunan mahaifi ta koma na miji.

Kuma a jeri ɗaya sai ka samu Abubakar huɗu daban-daban. A APA dole ka ƙara baƙin farko na sunan kowanne a cikin rubutu don a bambance. In mutum ɗaya ne ya yi biyu a shekara guda sai a sa a da b a bayan shekarar. A nan kam Vancouver ta fi mana sauƙi, lamba ba ta da takwara.

Dan_Laburare:
Maganin wannan shi ne tun maƙalar farko mutum ya zaɓi yadda zai riƙa rubuta sunansa ya tsaya a kai, sannan ya buɗe ORCID. Kyauta ne, tun 2012 ake bayarwa, lambar shaidar mai bincike ce mai alƙaluma 16 da ke bin ka ko sunanka ya canza. Wajen ambaton wani kuma a rubuta sunansa yadda ya fito a kan takardar, ko da ka san ba haka yake rubutawa yanzu ba. Mai nema da abin da ke kan takardar zai nema.

Haruffa masu ƙugiya, ƙ da ɗ da ɓ, Zotero na riƙe su lafiya. Masu rubutu da manhajar LaTeX ne ke shan fama in suna kan tsohon mai tsara manazartanta, BibTeX, gara su koma sabon, biber.

Injiniya_BK:
BibTeX ɗin ma yana da wata halayya, a wasu salon yana mayar da manyan baƙaƙen take ƙanana. In ba ka kulle kalma cikin baka mai lanƙwasa ba sai ka ga Nigeria ta fito da ƙaramin baƙi, DNA ta koma dna.

Sadauki_Jr:
Duk wannan manhaja da kuke ta yabo, da wace wutar da wane data?

Gimbiya_Stat:
@Sadauki_Jr saukewa da kwaso bayanai ne kawai ke son intanet. Rubutu da saka madogara da juya salo duk ba sa buƙata. Ni a waya nake tara DOI a cikin mako, ranar da na shiga ofis in zuba su gaba ɗaya. Abin da zan ja kunne a kai shi ne sufabaiza. In kin tura masa fayil ya gyara madogara da hannu a cikin rubutun, ko ya goge rabinta, in kika sabunta sai abin ya rikice. Ki roƙe shi cikin ladabi ya rubuta gyaran manazarta a gefe. Kuma kafin ki tura wa mujalla ki yi kwafi, ki cire mahaɗin Zotero daga kwafin, ki ajiye na asalin. Kada ki kuskura ki cire a na asalin, ba ya dawowa.

Baban_Walid:
Tambaya a gefe. Kundin digiri da ba a buga ba fa, da rahoton ma'aikatar lafiya ta jiha da ba ya intanet? A fagenmu rabin abin da aka sani game da ƙauyukanmu a irin waɗannan yake, yana shan ƙura a kan kanta.

Hajiya_Edita:
Ana ambatonsu, Malam. Kundi: suna, take, a nuna kundin wane digiri ne, jami'a, shekara. Rahoto: hukumar ita ce marubuciya. Abin da ba ya shiga jeri shi ne maganar baki, wato wani jami'i ya gaya maka a ofis ko a waya. Wannan a cikin rubutu ake ambatonsa da kwanan wata, kuma mujallun likitanci da yawa za su ce ka kawo izininsa a rubuce. Sannan ku riƙa leƙa shafin AJOL, tun 1998 suke tara mujallun Afirka. Ina jin takaici in ga maƙala a kan Jigawa, manazarta 45, babu ko ɗaya da aka yi a ƙasar Hausa, alhali akwai.

Gimbiya_Stat:
Ni kuma mai tantancewa ne ya ce in ƙara takardu shida, dukansu na mutum ɗaya, kuma ba su da alaƙa da aikina. Kun gane ai.

Hajiya_Edita:
Mun gane. Ki sa wadda ta dace in akwai, sauran ki rubuta wa edita cikin ladabi cewa kin duba ba su shafi batun ba. Editan kirki zai goya miki baya, COPE, ƙungiyar da ke kula da ɗa'ar wallafa, ma ta ɗauki wannan a matsayin laifi.

Bazazzagiya_92:
Na dawo da rahoto. Kwana biyu na yi, ba ɗaya ba, @Dan_Laburare ka ci bashi. Cikin 64 ɗin, 51 sun shigo da DOI ba gardama. Sauran na buga da hannu. Amma ga abin kunya, tunda an ce a faɗi gaskiya. Maganar Malam ta tadlisi ta hana ni barci, sai na ware waɗanda ban taɓa buɗewa ba. Guda bakwai. Na nemo biyar na karanta. Ɗaya a ciki, wadda na jingina mata yawan masu cutar a wurin masu juna biyu, ashe a kan yara 'yan ƙasa da shekara biyar aka yi ta. Daga kundin wata da ta riga ni gamawa na ɗauko, ita ma ban san daga ina ta ɗauko ba. Na cire ta, na cire biyun da ban samu ba. Sannan wata guda Zotero ta sa mata jan gargaɗi wai an janye ta.

Dan_Laburare:
Bayanan Retraction Watch, shafin da ke bin diddigin maƙalun da aka janye, take amfani da su, tun 2019 aka haɗa su. Ki cire ta, sai fa in janyewar ce kike magana a kai.

Injiniya_BK:
Madalla da wannan. Amma a lura, karatu ne ya kama kurakuran nan, ba waƙafi ba. Ina nan a kan bakana.

Dr_Sauro:
Da ba a dawo mata da ita saboda waƙafin ba, yaushe za ta zauna ta karanta?

Injiniya_BK:
Sa'a ce wannan, Dakta, ba tsari ba.

Bazazzagiya_92:
Ku ci gaba da fafatawa, ni dai saura abu biyu. Hukumar Lafiya ta Duniya ta fito min a jeri a matsayin "Organization WH", kamar wani bature mai suna Organization. Hukumar ƙidaya ta ƙasa ma, a rahoton binciken yawan jama'a da lafiya, NDHS, na 2018, ta zama "Commission NP". Kuma sunan ƙwayar cutar, *Plasmodium falciparum*, ya ƙi kwantawa ya zama rubutun tsutsa a cikin taken maƙalu.

Gimbiya_Stat:
Na farko: a gefen gurbin sunan marubuci akwai ɗan maɓalli da ke haɗe gurbi biyu su zama ɗaya, ki danna ki rubuta sunan hukumar cikakke. Rahoton kuma ki duba shekara, an yi binciken a 2018 amma 2019 aka buga, kuma marubutan biyu ne, hukumar da kamfanin ICF. Na biyu: ki sa <i> a gaban sunan ƙwayar cutar da </i> a bayansa a cikin taken, a can cikin Zotero, ba a Word ba.

Bazazzagiya_92:
Ya kwanta. Yanzu kuma lambobin da ke cikin jadawali na 2 sun tsallake, daga 17 sai 40. Jadawalin a ƙarshen fayil yake, kamar yadda suka ce a sa.

Dr_Sauro:
Saboda manhajar bin fayil take daga sama zuwa ƙasa, ita kuma ƙa'idar cewa ta yi lambar ta bi wurin da aka fara ambaton jadawalin a cikin rubutu. Ki ɗauko jadawalin ki ajiye shi daidai wurin na ɗan lokaci, ki sabunta, ki yi kwafin da za ki cire wa mahaɗi, sannan a cikin kwafin ki mayar da shi ƙarshe. Jadawali nawa ne ke da madogara a ciki?

Bazazzagiya_92:
Uku. Bari wuta ta dawo.